Sammako Zuwa Dutse: Lissafin da Ya Kamata Ma'aikacin Birnin Kudu da Gwaram Ya Yi

Kafin ranar 27 ga Agustan 1991, ɗan Birnin Kudu ko Gwaram da ya samu aiki a hedikwatar wata ma'aikata ba ya dogon tunani. Hedikwata tana Kano, Kano kuwa ta yi nisan da babu mai hankalin da zai ce kullum zai je ya dawo. Sai ya ɗaure kayansa ya nemi ɗaki a birni, ya riƙa leƙo gida ƙarshen wata ko da salla. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ta ajiye babban birni a Dutse, sai lissafi ya rikice. Dutse ta matso har ta kwaɗaita wa mutum kwana a gidansa, amma ba ta matso yadda zai yi hakan bai ji a jikinsa ba. Daga Birnin Kudu, in an bi ta Kwanar Huguma aka ɗan ratsa ƙasar Takai ta jihar Kano, tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Daga garin Gwaram kuwa sai an ninka.

Shekaru aka yi ana wannan jeka-ka-dawo babu mai ƙorafi sosai, domin mai yana da araha. Sakatariyar jiha ta cika, Jami'ar Tarayya ta Dutse ta buɗe a 2011, ofisoshin gwamnatin tarayya da bankuna suka yawaita, kuma kowanne yana da ma'aikatan da iyalinsu ke kudancin jihar. Akwai kuma masu yin akasin haka: waɗanda ke kwana a Dutse su yi sammako zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ko makarantar koyon aikin jinya, da malamai da ma'aikatan lafiya da ke zaune a Birnin Kudu amma aka tura su Sara, Kila, Fagam ko Basirka. Sai ga ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa, da aka ɗaga shi a 2024, naira 70,000 ya tsaya.

Abin da nake gani shi ne, yawancinmu da lissafin yini muke yanke shawarar tafiyar nan. Mutum ya laluba aljihu da safe, ya ga kuɗin motar yau sun samu, ya kama hanya. Gobe kuma Allah na nan. Lalle Allah na nan, amma albashi na wata ne, don haka tafiyar ma a ma'aunin wata ya kamata a ɗora ta. Da zarar an yi haka, za a ga amsar Birnin Kudu daban, ta Gwaram daban, kuma wasu hanyoyin da ake gani da daraja su ne suka fi cin mutum.

A ɗauki lita a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi, ko da yake farashin yana hawa yana sauka. Ƙaramar mota 'yar tokunbo mai shan lita 9 a kilomita 100 za ta cinye naira 9,000 a zuwa da dawowa tsakanin Birnin Kudu da Dutse. A kwanakin aiki 22, kuɗin ya doshi naira 200,000, kuma motar ta ci kilomita 2,200. Wato duk wata biyu da 'yan kwanaki sai an yi juyen baƙin mai, taya tana suɗewa, birki yana cinyewa, bakanike ya zama ɗan gida. Wanda duk ke tuƙa motarsa shi kaɗai kullum a kan wannan hanya, ko dai babban darakta ne, ko yana da wata sana'ar da ke ciyar da motar, ko kuwa bashi yake tarawa bai sani ba. Ba sai an daɗe a kan wannan ba.

Tasha ce mafakar mafi yawa, kuma a ido ita ce mai sauƙi: ka biya kujera ɗaya, ba ruwanka da taya ko fitila. Illarta ba a kuɗi take ba, a lokaci take. Motar haya ba ta san ƙarfe takwas ba, cika ta sani. Ka iso tasha ƙarfe bakwai saura, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, alhali saura uku, ka zauna kana kallon agogo har rana ta ɗaga. In ta cika, a danna mutum biyu a gaba, huɗu a baya, a ɗaure buhu a but, direba kuma ya ce sai ya rama lokacin da aka ɓata da gudu. Ranar da wata babbar kasuwa ke ci, irin ta Sara ko Shuwarin, direbobi da yawa can suke karkata, saboda kuɗin kaya sun fi na ma'aikaci mai jaka ɗaya auki. Da yamma kuma labari ya juya: an tashi daga ofis a lokaci guda, fasinja ya fi mota yawa, kuɗi ya ƙaru. Ga kuɗin acaɓa ko Adaidaita Sahu daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa ofis, sau huɗu a yini, waɗanda ba kowa ke sa su a lissafi ba saboda ƙanana ne. Su ne kuwa suke zarar albashi a hankali har a wayi gari ranar sha biyar ga wata ana neman rance. Ban ga laifin direbobi ba a nan. Su ma mai suke saya, ga kuɗin ƙungiya, ga balas ɗin mai mota. Tsarin ne aka gina don matafiyi, ba don mai sa hannu a rajista ba.

Babur kuwa yana da wurinsa, wurin nan kuma gajeriyar tafiya ce. Malamin da ke fita daga Birnin Kudu zuwa Kangire ko Kantoga, ko ma'aikacin gona da ke zagaya ƙauyukan Gwaram inda mota ba ta shiga da damina, ba shi da abin da ya fi masa babur. Man da zai sha bai kai kashi ɗaya cikin uku na mota ba, kuma shi ke da ikon lokacinsa. Amma hawa babbar hanya kilomita 100 kullum a kan ƙafa biyu, tsakanin tireloli da motocin da ke tsere zuwa Bauchi da Gwambe da Adamawa, ga hazon hunturu da ke rufe ido da sassafe, ga shanu masu tsallaka titi, wannan araha ce da ake biya da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nanata cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4 cikin 100, kuma mai tsoron makara shi ne ya fi kowa murɗa hannu. Hular kwano kuwa, mu faɗi gaskiya, a nan yankin an fi ganin ta a kan masu kakin gwamnati.

Ga ɗan Birnin Kudu mai aiki a Dutse, abin da ya fi a wurina shi ne karo-karo, amma mai ƙa'ida. Mutum biyar a mota ɗaya, man naira 200,000 ya koma 40,000 a kan kowa, mota ta ɗauke ka kusa da gida ta sauke ka bakin ofis, babu jiran lodi. Ba sabon abu ba ne. Ma'aikata da yawa suna yi. Abin da ya dame ni shi ne yadda yake yawan wargajewa bayan 'yan watanni, kuma kusan kullum dalilan iri ɗaya ne.

Na farko kunya. Ana fara tafiyar ne da “ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an yi maganar kuɗi ba”, sai mai mota ya ga shi ke sayen taya, shi ke biyan mai faci, abokan tafiya kuwa sun ɗauka kuɗin mai kaɗai ne nasu. Ba zai iya buɗe baki ba, sai ya fara cewa motar tana gareji. Maganin wannan shi ne a yi maganar tun ranar farko, a ware kason gyara a kan na mai, a kuma biya na wata gaba ɗaya ranar da albashi ya shigo, kamar yadda ake zubin adashi. Wanda ya tafi hutu ko aka tura shi bita, a san tun farko ko zai biya kujerarsa ko zai kawo madadi. Maganar da aka yi da safe cikin raha ta fi wadda za a yi bayan wata uku cikin fushi.

Na biyu ya fi wuyar faɗa, wato girma. In aka haɗa mataimakin darakta da akawu a mota ɗaya, lokacin tashi ya zama lokacin da Yallaɓai ya gama karin kumallo. Babu ƙaramin ma'aikacin da zai buga waya ya ce “ranka ya daɗe, mun makara”. Zai zauna a ƙofar gida ne yana murmushin dole. Da yamma kuma taro ya riƙe Yallaɓai har magariba, sauran suna zaune a inuwar sakatariya suna hamma. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau tsara su haɗu da tsara, waɗanda lokacin tashinsu ɗaya ne kuma suna iya gaya wa juna gaskiya. A sa lokaci, a yi wa kowa uzurin minti biyar, in ya wuce ya bi tasha, ba gaba ba faɗa. Sai kuma batun ɗan'uwan da kullum yake tsaye a bakin hanya yana neman a rage masa hanya. Sau ɗaya ko biyu zumunci ne. In ya zama kullum, to ya shiga zubi. Kada kuma mai mota ya ce zai cike gurbi da fasinjan hanya, domin nan ne rigima da 'yan ƙungiyar direbobi take farawa, kuma suna da hujja: abincinsu ake taɓawa.

Waɗanda babu mai mota a cikinsu ba a bar su a baya ba. Mutum shida ko bakwai za su iya yin shatar wata da direban haya guda da suka sani, mai mota ƙirar Sharon ko makamanciyarta. Ya kwashe su da safe, ya yi harkarsa ta yini a Dutse, ya dawo da su da yamma. Shi ya samu lodi biyu tabbatattu ba tare da bin layi ba, su sun samu lokaci tsayayye da kujera ɗaya ga mutum ɗaya. Wani amfanin da ba a cika lura da shi ba shi ne, direban da ya san ku, ya san gidajenku, yana jin nauyinku in kun ce ya rage gudu. Wanda ba ya tuƙi kuma yana da sa'a biyu a hannunsa kullum: wani ya yi tilawa, wani ya saurari labarun safe a rediyo, wani ya duba takardun jarrabawar ƙarin girma, wani ya rama barci, wanda shi ma ba ƙaramin riba ba ne.

To amma duk wannan maganar Birnin Kudu ce. Ga Gwaram ra'ayina ya fi tsauri: tafiyar kullum zuwa Dutse ba abin gyarawa ba ce, abin bari ce. Kilomita 200 a yini, da lissafinmu na ɗazu, man naira 18,000 ne; a wata ya kusa 400,000. Ko an raba biyar, kowa zai ba da kusan 80,000, wato fiye da mafi ƙarancin albashi gaba ɗayansa. Lokaci kuma awa uku zuwa huɗu a hanya kullum, awa 66 zuwa 88 a wata, kusan makon aiki biyu da babu mai biyan ka. Wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi wani rubutu a 1994 inda ya nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙasa har zuwa na jirgin ƙasa da mota, ɗan Adam kimanin awa ɗaya yake bai wa zirga-zirgarsa ta yini, zuwa da dawowa. In abin hawa ya ƙara sauri, sai gari ya ƙara faɗi, amma awar tana nan. Ɗan Birnin Kudu ya riga ya kusa ninka wannan awa. Na Gwaram ya ninka ta uku ko huɗu, kuma ba ya buƙatar Bature ya gaya masa: bayansa yana gaya masa, sallar asuba a gaggauce tana gaya masa, 'ya'yan da ya bari suna barci ya dawo ya tarar suna barci su ma suna gaya masa.

Ga kuma damina. A watan Agustan 2021, ruwa ya cinye gadar Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Mai fita da duhun asuba ya dawo da duhun dare sau 22 a wata ya fi mai bin hanyar sau huɗu da rana tsaka shiga gaban irin wannan ƙaddara, musamman daren da aka kwana ana ruwa.

Abin da ya rage masa shi ne zaman mako: ya tafi Litinin da sassafe ko Lahadi da la'asar, ya dawo Juma'a. Mutum biyu ko uku su haɗa kuɗin ɗaki a Dutse ko garuruwan gefenta, su haɗa tukunya. Kuɗin man zuwa da dawowa huɗu a wata, in an raba biyar, bai wuce naira 15,000 ba. Ko an ɗora haya da abinci, da wuya ya kamo kuɗin tafiyar kullum. Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. Ma'aikacin kudancin Jigawa ba albashi kaɗai ke riƙe da shi ba. Yana da gonar gero da dawa da riɗi da ke buƙatar ido, yana da tsofaffin iyaye, yana zaune a gidan gado ba ya biyan haya, hatsinsa a rumbu yake. Ɗauke iyali gaba ɗaya zuwa Dutse yana nufin sayen komai da kuɗi, har itacen girki. Shi ya sa ban ce a yi ƙaura ba. Amma mai isowa gida bayan isha a gajiye, wace gona yake dubawa? Asabar da Lahadi cikakku da ƙarfi a jiki sun fi wa gonar amfani.

Mata ne wannan shawara ta fi yi wa wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Matar aure mai shayarwa ba za ta bar gida kwana huɗu ba, budurwa kuma kama ɗaki ita kaɗai a wani gari ba abu ne da kowane gida ke yarda da shi ba, sai fa in akwai gwaggo ko yaya a can. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ko na yamma ba ta ma shiga karo-karon masu tashi ƙarfe huɗu. A kansu maganar ta fi ƙarfin dabarar mutum ɗaya. Ta koma hannun masu rabon wurin aiki.

Akwai kuma wata hanyar da kowa ya sani amma ba a faɗar ta a fili, kuma ita ce ta fi yaɗuwa tun da mai ya yi tsada: rage zuwa. Litinin a iso sha ɗaya, Laraba a ce wa abokin aiki “sa min hannu”, Juma'a kuwa ba a ma maganarta. A ofishin da fayil ke iya jira, ɓarnar ba ta fitowa nan take. A makarantar firamare ta ƙauye ko ƙaramin asibitin da ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, kuɗin motar da malami ya yi tsiminsu, yara ne suka biya da darasin lissafi, mai naƙuda ce ta biya da ƙofa a kulle. Ba na zagin malamin. Wanda alawus ɗinsa bai kai cikakken albashi ba, irin matasan da aka ɗauka koyarwa a shirin J-Teach, in aka tura shi nesa da gida an ba shi zaɓi ne tsakanin yunwa da fashi. Amma dole a kira abin da sunansa. Ba warware matsalar tafiya ba ne, tura ta ne kan wanda ba shi da bakin magana.

Wasu jihohin sun gwada mayar da rage kwanakin doka. Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako daga Disamban 2021, Kwara da Edo suka sanar da kwana uku a Yunin 2023 bayan cire tallafi. Ga ma'aikacin sakatariya wannan sauƙi ne na gaske, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin mota ya dawo aljihu a tsarin Kaduna, kuma ban ga abin da zai hana Jigawa auna shi ga ofisoshin da aikinsu na takarda ne ba. Sai dai ba ya yi wa asibiti magani, kuma ban yarda a taɓa kwanakin karatun yara ba. Motocin ma'aikata masu tashi a kan lokaci daga Birnin Kudu za su taimaka, in an tanadi kuɗin gyaransu tun kafin bikin ƙaddamarwa. Gidajen ma'aikata a harabar makaranta da asibiti ma tsohuwar dabara ce da ta yi aiki: makarantun kwana irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Ɗangote ya yi karatu, da malamai mazauna harabar aka gina sunansu. Ɗaki biyu masu ƙofa da rijiya a gefen asibitin ƙauye sun fi wa mai naƙuda amfani a kan sabon fenti.

Mafi arha duka, wanda ba ya buƙatar kwangila, shi ne musanya. A yanzu haka akwai wanda ke fita daga Dutse zuwa Birnin Kudu, da wanda ke fita daga Birnin Kudu zuwa Dutse, matakinsu ɗaya, aikinsu ɗaya, suna gilma wa juna a Kwanar Huguma kowace safiya ba su san juna ba. Haka tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, haka tsakanin mazaɓun ƙaramar hukuma guda. Ofishin shugaban ma'aikata, hukumar ilimin bai-ɗaya da hukumar lafiya matakin farko suna da sunan kowa da garinsu. Buɗe rajistar masu neman musanya aikin akawu ɗaya ne. Za a ce in kowa ya koma garinsu ƙauyukan da ba su da 'ya'ya masu takarda za su rasa ma'aikata, kuma haka ne. A nan ne alawus ɗin zaman karkara da gidajen da na ambata suke shigowa, a biya wanda ya yarda ya zauna maimakon a tilasta wa wanda zai riƙa fashi. Kafin hukuma ta motsa kuwa, ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan lafiya a Birnin Kudu da Gwaram za su iya tattara sunayen da kansu, su haɗa mutum biyu-biyu, kowane biyu su rubuta takarda guda su kai wa sakataren ilimi ko shugaban sashe. Takardar da ta zo da madadi a cikinta ta fi saurin samun sa hannu, domin ba ta bar wa mai sa hannun gurbin da zai cike ba.